Ido da Hisabi a Daren Neman Wata

  

Duk shekara, da Sha'aban ya cika 29, sai kunnuwa su koma Sakkwato, ana jiran abin da Mai Alfarma Sarkin Musulmi zai sanar. Kafin sanarwar ta fito gardama ta riga ta kaure. Wannan ya ce an ga wata a garin kaza, wancan ya ce masana falaki sun ce ba zai ganu ba yau. Na farko ya kira ɗan'uwansa ɗan boko mai fifita lissafin Turawa a kan hadisi, na biyu ya rama da kiransa jahili. Gardamar tsohuwa ce, kuma malamai sun daɗe da rarrabe zarenta.

Da farko, hisabin nan, wato lissafin falaki, ba baƙo ba ne a masallaci. Ibnu Shaɗir, wanda ya rasu a 1375, aikinsa shi ne ƙididdige lokutan salla a Masallacin Banu Umayya da ke Dimashƙa, kuma tsarin da ya yi wa tafiyar wata shi ne aka sake tararwa a littafin Kopanikus, masanin falakin Turai, bayan fiye da ƙarni ɗaya da rabi. Neman alƙibla da lokacin Azahar da rabon gado su suka tura Musulmi ga lissafi. Abin da shari'a ta tsana shi ne duba, wato a kalli tauraro a ce wane zai mutu, wance za ta auru. Wanda ya ce rana za ta faɗi ƙarfe kaza bai taɓa gaibu ba, sunnar Allah a cikin halittarsa ya karanta. Shi kansa mai zagin hisabi, da jadawalin da ke manne a bangon masallaci ko wanda ke cikin wayarsa yake buɗe baki.

To me ya sa aka karɓi lissafi a salla aka ƙi shi a azumi? Imam Alƙarafi, babban Bamalike na Masar da ya rasu a 1285, ya warware wannan a littafinsa Alfuruƙ, kuma shi kansa gwanin falaki ne. Ma'anar bayaninsa ita ce: shari'a ta rataya Azahar ga gushewar rana kanta, don haka ta kowace hanya ka tabbatar rana ta gusa, salla ta wajaba. Azumi kuwa an rataya shi ga ganin jinjirin wata ko cikar kwana 30. Ko da wata yana can sama, muddin bai ganu ba, sababin bai samu ba. Wannan magana ba ƙaryata hisabi ba ce. Hisabi ya faɗi inda wata yake, shari'a ta faɗi abin da ke wajabta ibada, kuma ta zaɓi alamar da makiyayi a daji zai iya riska kamar yadda malami a birni zai riska.

Saura wuri guda mai wuya, a nan nake so mu daɗe. Mutum ya zo ya rantse ya ga wata, alhali lissafi ya nuna watan ya riga rana faɗuwa a wannan yammacin. Me alƙali zai yi?

Wata yana cika zagayensa, daga haɗuwarsa da rana zuwa wata haɗuwar, a cikin kwana 29 da awa 12 da minti 44 a matsakaici. Lokacin haɗuwar ba shi da hasken da zai fuskance mu. Sai ya nisanci rana da kusan daraja 7 kafin a soma zancen ganinsa, kuma ba a tabbatar da wani ya gan shi da ido tsura yana ƙasa da awa 15 da haɗuwar ba. Mai shakkar ingancin wannan lissafi ya tuna kusufin ranar 29 ga Maris 2006, wanda duhunsa ya ratsa Ghana da Najeriya da Nijar da Libiya. An faɗi ranarsa da mintinsa da garuruwan da zai rufe tun da shekaru, kuma bai saɓa ba. Kusufin rana kuwa ba komai ba ne illa wannan haɗuwar ta bayyana ga ido.

Imam Subki, Bashafi'e, wanda ya rasu a 1355, ya yi fatawa cewa irin wannan shaida a mayar da ita, domin sharaɗin karɓar shaida shi ne abin da aka shaida ya kasance mai yiwuwa. Da yawa daga malamai ba su bi shi ba, amma ni hujjarsa ta fi kwanta mini. Mayar da shaidar ba tuhumar mutum da ƙarya ba ne. Mumini mai gaskiya yakan tsaya bayan Magariba cikin hazo, idonsa ya gaji da zuru, zuciyarsa na ɗokin azumi, sai ya hango siririn gajimare ko farin layin da jirgin sama ya bari, ya ɗauka jinjiri ne. Amanarsa lafiya lau, idonsa ne ya ruɗe shi.

Imam Gazali ya yi gargaɗi a Tahafutul Falasifa cewa mai musun lissafin kusufi da sunan kare addini cutar da addinin yake yi, domin wanda ya san lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai soma yi wa shakka. Ina ganin ɗalibanmu na jami'a a cikin wannan gargaɗi. Kuma ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu aka yi kusufi, mutane suka danganta shi da rasuwar, Annabi da kansa ya kore wannan zato, ya umarce su da salla.

Saboda haka masanin falaki ya zauna kusa da alƙali a kwamitin duban wata, ya faɗa wa masu nema inda za su duba da mintin da wata zai jima bayan faɗuwar rana. Idan mai shaida ya zo, a tambaye shi cikin mutunci: Malam, ƙarfe nawa ka gan shi? Dama da inda rana ta faɗi yake ko hagu? Ƙahonninsa ina suka fuskanta? In amsarsa ta dace da abin da zai yiwu, a karɓa a kai wa Sarkin Musulmi. In ta saɓa, a gode masa, a cika Sha'aban 30.