Baƙon da Jiki Ya Yarda Ya Zauna

A watan Disamba na 1954, a birnin Boston na Amurka, likita Joseph Murray ya dasa wa wani matashi ƙodar da aka ciro daga jikin ɗan'uwansa, ƙodar kuwa ta zauna lafiya. Dalili shi ne su biyun tagwaye ne masu kama ɗaya, don haka jikin bai gane baƙuwa aka kawo masa ba. Mu sauran mutane ba mu da wannan gata. Ko uwa ce ta ba ɗanta ƙoda, garkuwar jikinsa za ta tashi ta yaƙe ta, alhali ita ce ta zo ceton ransa.

Maganin da likitoci suka samo shi ne su sa masu gadin jiki gyangyaɗi. Saikulosforin, wanda ya bazu a shekarun 1980, da takurolimus da ya biyo baya, sun mayar da dashen ƙoda aikin yau da kullum. Sai dai mai gadin da ke gyangyaɗi ba ya zaɓen wanda zai wuce. Cututtuka na samun ƙofa, wasu nau'o'in sankara na ƙaruwa, magungunan su kansu suna cin ƙodar sannu a hankali, kuma shan su sai ranar da rai ya yi halinsa. A Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ke dashen ƙoda tun 2002, iyalai sun san cewa kuɗin aiki somin taɓi ne, na magani ne ke zuwa kowane wata.

Shi ya sa hankalin masu bincike ya koma kan wasu ƙwayoyin halitta da ɓargo ke fitarwa. Idan kumburi ko ciwo ya daɗe a jiki, ɓargo kan saki fararen ƙwayoyin jini da ba su gama nuna ba, waɗanda maimakon su shiga yaƙi sai su riƙa kwantar da shi. Suna cinye wani sinadari mai suna ajinin, wanda mayaƙan jiki da ake kira ƙwayoyin T ke buƙata kafin su hayayyafa. Suna fitar da iskar naitirik oksaid mai sanyaya musu gwiwa. Suna kuma ƙarfafa wasu ƙwayoyin T ɗin da aikinsu shi ne tsawatar wa 'yan'uwansu.

A ɗakin masu sankara aka fara sanin su, kuma da mummunan suna. Ƙari yana tara su a kewayensa su zame masa katanga, kuma yawansu a jini sau da yawa alama ce ta cewa ciwon ya yi ƙarfi. A 2007 aka yi musu sunan da ake taƙaitawa da MDSC, wato ƙwayoyin ɓargo masu danne garkuwa. Shekara guda bayan haka, masu bincike a birnin Nant na Faransa suka tarar da su sun taru a jikin ɓerayen da suka karɓi ƙodar dashe ba tare da sun ƙi ta ba. Da aka toshe hanyar da suke fitar da iskar nan, sai jikin ɓerayen ya juya wa ƙodar baya. Yau wasu likitoci na neman yadda za su kashe waɗannan ƙwayoyi, wasu kuma na neman yadda za su noma su.

To, maciya amana ne ko masu sulhu? Aikinsu bai canza ba, wanda ke bayan katangar ne ya canza. Suna ma ƙaruwa a jinin mai juna biyu, inda ɗan tayi, wanda rabin halittarsa na uba ne, ke buƙatar a bar shi ya zauna wata tara. Kowannenmu ya ci arzikin irin wannan sassauci kafin ya ga hasken duniya. Sankara ta zo ne ta ari rigar jariri.

Mu mutane ne masu girmama haƙuri, muna cewa baƙonka annabinka. Amma mun san dattijon da duk ƙarar da aka kai masa amsarsa ɗaya ce: a yi haƙuri. Idan wa da ƙani ne suka saɓa kan iyakar gona, wannan amsa rahama ce. Idan matar da ake duka ce ta zo da kumburarriyar fuska, amsar nan ta zama katanga ga azzalumi, ko da dattijon bai nufa ba. A ganinmu ba za a yaba wa haƙuri ba sai an tambayi me aka haƙura da shi, kuma wa ya biya kuɗinsa.

Kada kuma masu zafin kishi su yi saurin tafi. Jikin da ya ƙi ƙodar dashe bai yi kuskure ko ɗaya a ƙa'idarsa ba: ya ga baƙo, ya kore shi, ya mayar da mai shi kan injin wankin ƙoda. Tsaron da bai san komai ba sai "namu" da "ba namu ba" makaho ne, kamar yadda sassaucin da ba ya tambaya yake makaho.

Abin da ake nema ya fi duka biyun wuya: jiki ya amince da wannan baƙo shi kaɗai, ya ci gaba da yaƙar tarin fuka da sankara. An san mai yiwuwa ne. A 1945 Ray Owen ya lura cewa tagwayen maruƙa da jininsu ya gauraya a ciki suna rayuwa da ƙwayoyin jinin juna, a 1953 kuma Peter Medawar da abokan aikinsa suka koya wa ɓeraye karɓar fatar wani tun suna ciki. A Jamus an gwada ɗaukar irin waɗannan ƙwayoyi daga jinin mai ba da ƙoda, a rene su a ɗakin gwaji, a zuba wa mai karɓa kafin aiki, kamar ɗan aike da ke riga baƙo isa gida. Mutane ƙalilan aka gwada wa, wasunsu kuma sun koma shan magani ɗaya kaɗan. Abin bai kai ga zama magani a asibitoci ba tukuna, kuma duk wanda aka sassauta wa garkuwa, da ƙwaya ko da allura, likitoci na ci gaba da duba ƙodarsa, suna kuma duba fatarsa da jininsa, ko wani ya bi sahun baƙon ya shigo.