Hankali amana ne: nasiha ga ɗalibanmu da iyayensu

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya girmama ɗan Adam da hankali. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, kowace shekara muna sallamar 'ya'yanmu da suka ci jarrabawar bak, wasu zuwa Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wasu zuwa Jami'ar Dosso da aka kafa a 2014. Mun tura su neman ilmi, amma sai ga wasunsu sun komo mana da hankali a raunane.

Garinmu Gaya mararraba ne: Malanbil na tsallaken kogi, Kamba kuma na kusa. Inda hajar halal ke ratsawa, nan guba ma ke saɗaɗowa. A 2018 Nijeriya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigowa da shi. A watan Maris na 2021 kuwa, an kama tan 17 na ƙullin tabar wiwi a Yamai.

Wadda ta fi yaudarar ɗalibi ita ce tiramol. Abokinsa ke miƙa masa ita daren jarrabawa, wai tana kore barci da gajiya. Maganin ciwo ce da likita ke rubutawa a miligiram 50 ko 100, alhali masu talla na sayar da mai 225. Jiki yakan saba da ita har ya kasa rabuwa, kuma yawanta na jawo farfaɗiya da tsayawar numfashi.

Kada wani ya ce ƙwaya ba giya ba ce. Malamai sun sanya kiyaye hankali cikin larurori biyar da Shari'a ta zo ta tsare, kuma hadisi ya tabbatar da cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Mu dubi yadda aka haramta giya daki-daki: aya ta 219 ta Baƙara ta bayyana cutarta, ta 43 ta Nisa'i ta hana salla cikin maye, sannan ta 90 ta Ma'ida ta yanke hukunci. Ilmantarwa ta riga hani. Don haka uba ya zaunar da ɗansa tun kafin ya hau mota, ya kira masa abin da sunansa, ya kuma san abokan ɗakinsa. Ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi su gayyato likitoci masallatan jami'a.

Wanda ya riga ya faɗa kuwa, kada a kore shi don tsoron abin kunya. Buhari ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya hana la'antar wani sahabi da aka sha kawowa saboda giya. A kai shi asibiti, a riƙe hannunsa har ya warke.

Allah Ya tsare mana zuri'armu, Ya shiryi wanda ya kauce. Amin.