Fara'ar Mai Kanti: Kirki Ce Ko Jari?

Manomin Gwarzo ko na Kabo da ya sayar da masararsa bayan kaka, ya bi ta Rimin Gado ya sauka Kabuga da niyyar sayen babur, ba kasafai yake tuna Indiya ba, alhali tana cikin cinikinsa tsundum. Bajaj ɗin da 'yan acaɓa suka riƙe, da A Daidaita Sahu, da magunguna da dama na kemis, asalinsu can ne. Su kansu Indiyawan ba jiya suka zo ba, domin gidan Chellaram ya fara kasuwanci a Nijeriya tun 1923, lokacin da Kwarori ke kafa ƙafa a cinikin gyaɗa da yadi a Kano. Ba a faye ganin Ba'indiye a kasuwar Getso ko Garo ba. A birni yake, amma mutanen karkara na zuwa gabansa, ko gaban dilansa.

Abin da akan yaba wa irin wannan kanti sananne ne: kuɗi ɗaya ga kowa, rasit a hannu, da alkawarin gyara ko canji idan kaya suka ba da matsala. Da an yaba kuwa, sai wani ya ce ai ba don Allah suke yi ba, don kasuwa ne. Wannan magana ita ce abin dubawa. Shin kyautatawar da riba ta haifa ta cancanci a kira ta kirki?

Tambayar ta tsufa. A 1785 masanin falsafar Jamus, Immanuel Kant, ya kawo misalin mai kantin da ba ya tsawwala wa ƙaramin yaro kuɗi. A ganinsa, idan tsoron rasa masu saye ne ya hana shi, to aikinsa ya dace da wajibi, amma ba shi da ƙimar ɗabi'a. Bahaushe zai fahimci wannan da wuri, tunda shi ma a zuci yake neman kirki, har yakan ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Sai dai ni ban gamsu ba, kuma dalilina daga fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai yake. Malamanmu ba su ɗora ingancin ciniki a kan abin da ke cikin ran mai sayarwa ba. Sun wajabta masa bayyana aibin kaya, sun ba mai saye zaɓin mayarwa idan aka ɓoye masa, sun haramta algus da tauye mudu. Niyya kuwa suka bar ta ga Mai sanin gaibu. Manomin da injin ban-ruwansa ya tsaya kwana uku da saye, tumatirinsa na yaushi a fadama, haƙƙinsa yake nema, ba ƙaunar mai kanti ba.

A nan ne ya kamata mu dubi namu tsarin ba tare da son kai ba. Ɗan kasuwarmu na gida yana da abin da rasit ba zai taɓa bayarwa ba. Yakan ba ka taki bashi sai kaka, ya yi maka gyara a kan mudu, ya zo jana'izar mahaifinka. Amma wannan alheri da ido yake tafiya: sai ya san ka, ko ya san ɗan gidan wane ne kai. Baƙon fuska, ko tsohuwar da ba ta san kan farashi ba, sau da yawa kuɗinsu daban ne, kuma da an yi sallama, kaya sun fita ke nan. Baƙon ɗan kasuwa ba shi da dangi a gari, ba shi da surukai, don haka dole ta sa ya maye gurbin sanayya da takarda. Takardar kuwa makauniya ce, ba ta bambanta ɗan hakimi da ɗan dako. Ina ganin adalci ne wannan, ko da larura ce ta haife shi, ko da babu ɗumi a cikinsa.

Duk da haka Kant bai faɗi banza ba, don akwai wurin da niyya ke fitowa fili. Fara'ar da riba ta shuka takan tsaya daidai inda riba ta tsaya, wato a ƙofar baya, wajen wanda ba saye ya zo yi ba. A watan Yunin 2020 'yan sanda suka fitar da ma'aikata fiye da ɗari daga wani kamfanin shinkafa mallakar Indiyawa a Kano, bayan an tsare su a ciki watanni a lokacin kullen korona. Ba za a shafa wa al'umma guda laifin kamfani ɗaya ba, kuma wanda zai yi hakan ya fara duba yaron shagon ubangidansa Bahaushe, wanda kan shekara goma yana hidima ba albashi, yana jiran sallamar da babu rubutu a kanta. Shinkafar da waɗancan ma'aikata suka casa ta shiga kasuwa a buhu mai kyau.