Saurayi na wa ne?

Hausawa na cewa ɗa na kowa ne. Amma a Urno, kamar sauran garuruwan jihar Tawa, da an zuba hatsi rumbu sai samari su kama hanyar ci-rani zuwa Nijeriya ko Libiya. Wanda ya rage kuwa, fada ce mazauninsa, gaban butar shayi. Dattawa na kiran wannan lalaci. Shin sun yi adalci?

A da, sarkin samari ke kiran gayya, a nome gonar gajiyayye. Bayan 1974 gwamnatin Seyni Kunce ta raya samariya, aka gina azuzuwan lakwal da gumin matasa, sai dai ta zama kayan mulki, ta dushe da zuwan jam'iyyu a 1991. Aikin Keita kuma, da aka soma a 1984, ya nuna fako na komawa gona in aka kira jama'a, aka saka musu da abinci.

Ashe mai kira aka rasa. Ƴan fadan da ake zargi su ke gina kabari, su ke ɗaukar majinyaci zuwa likita. Garin da bai ba saurayi aikin da za a gode masa ba, ba shi da bakin zarginsa. Haƙƙin dattijo ne ya kira, na saurayi ya amsa.