Tsufa ne, ko kuwa sukari?

Mai karatu, ka lura da yadda finafinanmu ke nuna tsohon da ya soma mantuwa? Abin barkwanci ne kurum: ya kira amarya da sunan uwargida, 'yan kallo su kwashe da dariya. A gida ma sai mu ce ai tsufa ne, shi ke nan.

To amma in tsohon na da ciwon sukari, maganar ta wuce wasa. Da sukarin jini ƙwaƙwalwa ke aiki. In ya yi yawa shekara da shekaru, yakan lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita. In kuma ya faɗi ƙasa da 70 a na'urar gwaji, sai gumi da karkarwa da ruɗewa. Ɗauki dattijo a ƙauyukan Funtua ko Malumfashi, ya haɗiyi ƙwayar glibenclamide da asuba, ya wuce gonar masara bai karya ba. Kafin azahar yana sambatu, wasu har su ce iska ce.

Ga tambayar da nake so ka auna. Ɗa ɗaya ba ya iya ce wa Baba a'a, kullum ga shayi mai zaƙi, ga mazarƙwailar Ɗanja, wai biyayya. Ɗayan kuma don tsoro ya hana shi tuwo, ya hana fura, ya bar shi da yunwa da ƙwaya. Wanne ya fi ƙaunarsa?

A ganina duka biyun sun kauce. Ko likitoci sun koyi wannan darasi: a 2008 an dakatar da wani sashe na binciken ACCORD a Amurka da Kanada, saboda waɗanda aka matsa wa sukarinsu ya sauko sosai sun fi mutuwa.

Biyayyar gaskiya ta fi waɗannan biyun wuya. Ka raka shi Babban Asibitin Funtua ko na Malumfashi, ka tambayi likita awon da ya dace da shekarunsa. Ka tabbata ya ci abinci in ya sha magani, da 'yar alewa a aljihunsa saboda ko-ta-kwana. Sannan ka yi shawara da shi, kada ka ba shi umarni kamar yaro. Mutumin da ya koya maka riƙe fartanya bai cancanci dariya ba, bai kuma cancanci tsawa ba.