Babur Yadda Ya Zo, Ko Yadda Muke So?

Duk wanda ya sayi sabon babur a ƙasar Jibiya, kafin ledar kujera ta yage zai samu masu ba shi shawara kashi biyu. Kashi na farko za su ce ya bar shi yadda kamfani ya ƙera shi, kada sifana ta taɓa shi sai ranar juyen mai. Kashi na biyu kuwa za su ce babur ɗin kwali ba ya iya aikin ƙasar nan sai ya biya ta wurin mai walda: a ƙara masa ƙarfen ɗora kaya, a sa masa shok mai tauri, a sauya wayoyin tayar baya da masu kauri. Samari kuma nasu daban ne, a huda salansa, a jera fitilu masu launi, a sa hon ɗin babbar mota.

Da jin muhawarar sai a ɗauka ta 'yan gareji ce kawai, amma akwai tambayar ɗabi'a a ƙarƙashinta. Idan abu namu ne, mun biya kuɗinsa, ina iyakar 'yancinmu na sauya shi? Idan kuma sauyin ya jawo ɓarna, wa zai biya?

Mu fara da ba masu sauyi haƙƙinsu. Daddara tana kan titin da ya tashi daga Katsina ya nufi Jibiya, ya wuce Magama, ya tsallaka Ɗan Isa a Nijar har Maraɗi. Da zarar an sauka daga kwalta an nufi ƙauyuka, sai yashi da kwazazzabai da hanyar da damina ke sake wa fasali duk shekara. A nan babur shi ne jakin kai hatsi kasuwa, shi ne motar asibiti, shi ne jarin magidanci. Injiniyan kamfanin Bajaj da ya zana Boxer a birnin Pune na Indiya ya san lissafinsa, amma bai taɓa tura babur cikin yashin ƙoramar ƙauyenmu da buhun gero a baya ba. Bakaniken da ya shekara ashirin yana ganin inda baburan yankin suke karyewa ya san wani abu da ba ya cikin takardar kamfani. Su kansu kamfanonin sun yarda da haka a aikace, shi ya sa baburan da suke turowa Afirka suke zuwa da doguwar kujera shimfiɗaɗɗiya da ƙarfen kaya mai ƙwari. Abin da masu walda suka daɗe suna yi a bakin titi ne ya koma cikin zanen masana'anta.

Ga kuma halin rayuwa. An rufe kan iyakar Jibiya daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022. An cire tallafin fetur a Mayun 2023, sannan aka sake rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin wannan shekarar, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa aljihun mai babur kai tsaye. Idan litar mai ta ninka kuɗi, mutum zai so ya ɗauke a sawu ɗaya abin da a da yake ɗauka a sawu biyu. Mu da muke aiki a kan kujera gaban kwamfuta ba mu da bakin yi masa wa'azin ƙanƙan da kaya ba tare da mun fara yarda cewa buƙata ce ta kai shi gaban mai walda ba.

Sai dai masu cewa a bar babur yadda ya zo su ma ba tsoro ne kawai ke damunsu ba. Hujjarsu ita ce inji abu ne ɗaya dunƙulalle, kowane sashe an auna shi da ɗan'uwansa. An yi birki daidai da gudun da injin zai iya da nauyin da gangar jiki za ta ɗauka. Lissafin ba shi da wuya. Babur da mahayinsa ba su kai kilo 200 ba. Ɗora buhu huɗu masu kilo 50, nauyin ya ninka har da ɗoriya, aikin da birki zai yi kafin ya tsayar da shi ma ya ninka. Gudu kuma ya fi nauyi mugunta: wanda ya tashi daga kilomita 40 a awa zuwa 80, tazarar da yake buƙata kafin ya tsaya ninki huɗu take yi. Shok mai tauri yana hana babur durƙushewa a ƙarƙashin kaya, sai mai shi ya ga kamar ya ƙara ƙarfi, alhali birkin nan dai shi ne na jiya. Durƙushewar da aka kawar kuwa ita ce gargaɗin da babur yake yi cewa kaya sun yi yawa. An toshe bakin mai gargaɗi, haɗarin yana nan inda yake. Irin wannan ne Bahaushe yake kira gyaran gangar Auzinawa.

A sana'armu ta rubuta manhaja mun san wannan muhawara ciki da waje. Akwai manhajojin da masu su suka kulle, ba ka da ikon leƙa cikinsu balle ka gyara. Akwai kuma buɗaɗɗu, irin Linux da Linus Torvalds ya fara a 1991, wadda a kanta aka gina Android ɗin da ke cikin yawancin wayoyin da ake karanta wannan rubutu da su. Da an hana mutane taɓa abin da wasu suka ƙera, da wayar ba ta zo hannunmu a haka ba. Don haka mu ba masu goyon bayan kulle kaya ba ne. Amma lasisin GPL da Linux take ƙarƙashinsa ya zo da sharaɗi: wanda ya sauya wani sashe ya raba wa jama'a, dole ya rubuta a fili cewa ya sauya, ya sa kwanan wata. An ba ka 'yancin gyara, an hana ka fakewa a bayan sunan mai asali. Kuma kowane mai wannan sana'a ya san cewa ranar da ya sauya aikin wani, daga ranar kulawar ta dawo wuyansa. Idan ta lalace da tsakar dare, shi za a tasa.

A ganinmu amsar tana nan. Sunan da ke jikin tankin babur alkawari ne: kamfani yana cewa na gwada wannan haɗin, na tsaya masa. Ranar da muka yanka ƙarfe muka ƙara wani, alkawarin kamfani ya ƙare, namu ya fara. Shi ya sa garanti ke faɗuwa, kuma faɗuwarsa adalci ce. Mai sauyi ya zama maƙeri na biyu, amanar da ke kan maƙeri ta hau kansa ko ya sani ko bai sani ba.

Da wannan ma'auni za a ga cewa sauye-sauyen ba ɗaya suke ba. Wanda ya lulluɓe kujera da fata, ya yi wa tanki ado, ya rubuta karin magana a bayan babur, idan abin ya yi muni kansa ya yi wa. Babu mai hurumin hana shi, kuma garin da kowane babur yake kama da ɗan'uwansa bai da daɗin kallo. Wanda ya ƙarfafa wayoyin taya don kada su tsinke a rami, ya ƙara wa kansa da fasinjansa aminci. Amma akwai sauyin da mai babur ke cin amfaninsa, wani daban yake biyan kuɗin. Farar fitila mai kashe ido tana haska wa mai ita hanya, tana makantar da wanda ke tahowa. Madubin da aka cire don gayu, wanda ke bayanka ne zai ji a jikinsa.

Maganar salansa kuwa a yankinmu ta wuce batun hayaniya. A wani gari, babur mai ƙara da daddare yana tada jariri ne kawai. A ƙauyukan Jibiya da Batsari da Safana, rugugin babura cikin dare yana da wata ma'ana da kowa ya sani, domin a kan babura 'yan bindiga suke zuwa. Saurayin da ya huda salansa ya ratsa unguwa bayan isha'i yana jin kansa gwani, alhali a bayan katanga wata uwa ta riga ta goya ɗanta tana neman hanyar gudu. Bai taɓa kowa ba, amma ya sayi nishaɗinsa da firgicin maƙwabtansa, kuma bai tambaye su ba.

Mun kuma ga yadda abin da wasu suka mayar da babur ya shafi kowa. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta fitar da dokar tsaro da ta haramta goyon mutum uku a babur, ta hana sayar da fetur a jarka, ta dakatar da cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, ta kuma rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure. Dokar ba ta tambayi wane ne manomi wane ne ɓarawo ba. A wuri irin wannan, babur ɗin da aka sauya wa inji har lambarsa ta saɓa da takarda yana jefa mai shi cikin zargi a kowane shinge, yana kuma sauƙaƙa wa ɓarayi, domin idan baburan da lambobinsu ba su dace ba suka yi yawa, na sata ya samu wurin ɓuya.

Kada masu barin babur yadda ya zo su ɗauka sun tsira. Mutum zai iya ƙin taɓa ko ƙusa ɗaya, amma ya ɗora wa babur mutum huɗu, ya yi shekara bai duba birki ba, ya bar taya ta suɗe har zare ya fito. Wannan ma ya sauya babur ɗin, da sakaci ya sauya shi maimakon walda. Sau da yawa mai gyare-gyaren da ya san kowane ƙarfe a babur ɗinsa ya fi irin wannan riƙon amana nesa ba kusa ba.

Inda amanar ta fi fitowa fili shi ne ranar sayarwa. An faɗaɗa injin, an taɓa yin walda a wuyan babur bayan haɗari, sannan a wanke, a fesa fenti, a kai kasuwa a ce yadda ya fito daga kwali yake. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanya wa wannan suna: algus ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya idan aibin da aka ɓoye ya bayyana. Ƙa'idar da masu manhaja suka rubuta a lasisinsu, kasuwanninmu sun san ta tun kafin a ƙera kwamfuta. Ka sauya, to ka faɗa.

Saboda haka idan ƙaninmu ya zo da sabon babur yana tambaya ya gyara ko ya bari, ba za mu ce masa kamfani ya fi shi sanin hanyar ƙauyensu ba. Za mu ce ya tambayi bakanike abin da sauyin zai taɓa bayan wurin da aka yi shi, kuma idan ya ƙara wa babur ɗaukar kaya, ya rage gudu daidai da haka. Sannan ya tuna da matar da za ta tsayar da shi a bakin titin Daddara da yaro mai zazzaɓi a kafaɗa, tana neman asibitin Jibiya. Ba za ta duƙa ta duba waldar da ke ƙarƙashin kujera ba, ba ta kuma san an taɓa birki ko ba a taɓa ba. Za ta yi bisimilla ta hau ne kawai, saboda ta yarda da shi.