Shin Akwati Zai Iya Zame Wa Yaro Malami?

Mai karatu, ka tuna watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka garƙame makarantun Nijeriya? Hukumar UNESCO ta ce rufe makarantu ya shafi ɗalibai kusan biliyan 1.6 a duniya. Jihohi irin su Kano da Kaduna suka koma ba da darasi ta rediyo da talabijin, masu hali kuma suka damƙa wa 'ya'yansu waya da kwamfuta. To, abin tambaya a nan: yaron da bai wuce shekara biyar ba, akwati zai iya zame masa malami?

Kai ma'abucin fim ka san ƙarfin hoto. Yaro kan haddace waƙar fim tun bai iya ƙirga goma ba. Shirin Sesame Street da aka fara a Amurka a 1969 ya koya wa ɗimbin yara haruffa da lambobi. Ke nan akwatin yana da ranarsa.

Sai dai dubi binciken da Patricia Kuhl da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Washington a 2003. An haɗa jarirai Amurkawa 'yan wata 9 da masu jin Sinanci har zama 12. Waɗanda suka yi ido da ido da mutum sun iya rarrabe sautukan harshen, waɗanda aka kunna wa darasin a bidiyo kuwa ba su tsinci komai ba. Ashe yaro daga mai amsa masa yake koyo: ya yi gwaranci a tanka, ya ɓata fuska a lura.

Haka zancen tarbiyya. Jiran layi, raba ƙuli-ƙuli da aboki, faɗa da shiryawa, duk sai cikin 'yan'uwansa yara zai koye su. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta ba da shawarar kada ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana yana kallo.

Ba mu ga laifin uwar da aiki ya sha wa kai ta miƙa waya don ta samu sararin girki ba. Amma amanar yaro tana wuyan iyaye, kuma akwati ba ya ɗaukar amana. In za ka kunna masa darasi, zauna kusa da shi, ka tambaye shi me ya gani, ka saurari amsarsa ko da shirme ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.